Kogunan Iska da Ruwan Damina: Shin Hasashen Masana Duba Ne?

  

A kowace shekara, tun bazara ba ta yi nisa ba, Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, watau NiMet, takan fitar da hasashenta game da damina mai zuwa, ta faɗi lokacin da take zaton ruwa zai sauka a kowace jiha, da lokacin da zai ɗauke, da wuraren da take jin tsoron za a sami tsaikonsa a tsakiyar damina. In wannan labari ya iso kasuwar Gwarzo ko ta Getso, ko ya shiga ofisoshin ƙaramar hukumar Kabo, sai ka ji ana ta gardama. Wani ya ce ai wannan duba ne irin na Turawa, sauraronsa ma zunubi ne. Wani kuwa ya riƙe shi kamar hukuncin da aka riga aka zartar. Akwai kuma wanda ba ya shiga gardamar, da ya ji an ambaci ƙarancin ruwa sai ya aika yaransa ƙauye da buhuna, a sayo gero a kulle masa a sito.

Malamanmu sun koya mana cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san siffarsa. Saboda haka kafin mu ce halal ko haram, bari mu fara duba abin da masanan nan suke aunawa.

Nauyin iska da kogunanta

Iskar da ta lulluɓe duniya tana da nauyi, ko da yake ba ma jinsa don mun saba da shi tun ranar haihuwa. Wani masani mutumin Italiya, Torricelli, shi ya ƙera ma'auninta a shekarar 1643, kuma a bakin teku nauyin yakan kai kimanin milibar 1013. Inda rana ta gasa ƙasa, iska takan yi zafi ta tashi sama, nauyi ya ragu a wurin. Inda kuwa ta yi sanyi ta sauko, nauyi ya ƙaru. Daga nan sai iska ta kama gudu daga inda nauyi ya yi yawa zuwa inda ya yi kaɗan, kamar yadda ruwa yake gangarowa daga tudu zuwa kwari, juyawar duniya kuma tana karkatar da ita a hanya.

A inda iska mai zafi ta yi maƙwabtaka da mai sanyi, gudun yakan taru can sama a wani siririn layi mai tsawon dubban kilomita, wanda za mu kira kogin iska. Manyansu suna tafe daga yamma zuwa gabas, a tsawon kilomita 9 zuwa 16 daga ƙasa, gudunsu kan wuce kilomita 200 a sa'a ɗaya. Wani Bajapane mai suna Wasaburo Oishi ya gano su a shekarun 1920 ta hanyar sakin balan-balan yana bin tafiyarsu, sa'an nan matuƙan jiragen yaƙin Amurka suka yi karo da su a sararin Japan a 1944. Har gobe jirgin da ya tashi daga Niyok zuwa Landan yakan isa da wuri da kimanin sa'a guda bisa ga wanda ya nufi Niyok daga Landan, don ɗaya kogin ne ke tura shi, ɗaya kuwa tunkararsa yake yi.

Abin lura shi ne kogin iska ba shi da gaɓa ta dindindin irin ta kogin Challawa. Yana matsawa arewa, yana matsawa kudu, kuma inda ya kwanta nan hadari yake bi.

Mizani mai faranti biyu

To, me ke matsar da shi? Bayan mummunar yunwar da ta auka wa ƙasar Indiya a 1899 saboda rashin damina, an naɗa wani Bature masanin lissafi, Gilbert Walker, shugaban ofishin duba yanayi na can a 1904. Ya shekara ashirin yana tattara awon nauyin iska daga tashoshin duniya yana gwama su. Sai ya ga wani abin mamaki: akwai wurare masu nisa da juna waɗanda nauyin iskarsu yake tamkar mizani mai faranti biyu, in wannan ya yi sama wancan ya yi ƙasa, bayan 'yan watanni ko 'yan shekaru kuma su sake juyawa. Wannan shi za mu kira lilon nauyin iska.

Ɗaya daga cikinsu yana Tekun Atlantika ta Arewa, tsakanin tsibiran Azores, inda iska ke da nauyi, da ƙasar Aisilan, inda take da sauƙi. In bambancin wuraren biyu ya yi girma, kogin iskar Turai yakan yi ƙarfi ya miƙe ya matsa arewa, ya kai wa Ingila da Norwe ruwa da ɗumi a lokacin sanyi, Sifen da Maroko su bushe. In bambancin ya ragu, kogin ya yi rauni ya lanƙwashe ya sauko kudu, ruwa ya koma Sifen da Maroko, arewacin Turai kuwa sanyi ya kama shi, kamar yadda aka gani a sanyin 2009 zuwa 2010. Watau matsayin kogi da rinjayar mizani abu guda ne ake kallo ta fuska biyu. Mu ma nan muna da ɗan rabo a cikin wannan, domin masu bincike sun ga cewa a shekarun da bambancin ya yi girma, ƙurar da ke tashi daga Sahara a lokacin hunturu takan ƙaru.

Amma lilon da ya fi taɓa daminarmu shi ne na Tekun Pasifik, wanda Walker ya sa wa suna Lilon Kudu, ana auna shi tsakanin tsibirin Tahiti da garin Darwin na Ostareliya. A 1969 wani masani, Jacob Bjerknes, ya nuna cewa wannan lilo yana tafiya tare da ɗumamar ruwan tekun da masuntan ƙasar Peru ke kira El Nino. Duk bayan shekara biyu zuwa bakwai ruwa mai ɗumi yakan malalo gabashin Pasifik, nauyin iska ya ragu a Tahiti ya ƙaru a Darwin, manyan gizagizai su yi ƙaura su bi ɗumin. In abin ya juya, gabashin tekun ya yi sanyi fiye da ƙima, ana kiransa La Nina.

Koguna biyu a bisa kanmu

Mai karatu zai ce, ina ruwan manomin Garo ko na Kutama da Tahiti? Ga inda suka haɗu. A lokacin damina akwai kogunan iska guda biyu a sararin Afirka ta Yamma, kuma saɓanin na Turai, su daga gabas suke zuwa.

Na ƙasa yana tsawon kilomita 3 zuwa 4, gudunsa kimanin kilomita 40 a sa'a. Abin da ke haddasa shi bambancin da ke tsakanin busasshiyar iskar Sahara mai ƙuna da iska mai laima da ke tahowa daga teku ta wajen Ikko. A jikin wannan kogi ake samun wasu lanƙwasa masu wucewa duk bayan kwana uku zuwa biyar, su ne ke tara hadari su koro shi yamma. Shi ya sa tun kaka da kakanni Bahaushe ke ɗaga kai gabas in yana neman hadari, shi ya sa kuma a tsakiyar damina ruwa yakan zo ya huta kwana biyu ko uku ya sake dawowa.

Na sama kuwa yana tsawon kilomita 12 zuwa 15. Asalinsa daga Asiya yake, inda zafin tudun Tibet da daminar Indiya suke tura iska sama ta bazu ta nufo yamma, ta ƙetare Tekun Indiya ta shigo Afirka. Wani masanin Indiya, Koteswaram, ya siffanta shi a 1958. Aikinsa kamar na tagar hayaƙi ne a madafi: yana kwashe iskar da ta hau sama, ya buɗe wa gizagizai hanya su yi tsawo su yi nauyi.

Ruwan damina mai yawa yana sauka ne a tsakanin kogunan nan biyu, watau kudu da na ƙasa. Kano tana kan daraja ta 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, Gwarzo da Kabo ma kusan nan suke. Binciken da masana irin su Sharon Nicholson ta Jami'ar Jihar Florida suka yi ya nuna cewa a shekarun albarka kogin sama yakan yi ƙarfi, na ƙasa kuwa ya haura arewa a watan Agusta ya kai saitin Tawa, wajen daraja ta 15, ko ma ya wuce, mu kuma mu faɗa tsakiyar ruwa. A shekarun fari kuwa na sama ya yi rauni, na ƙasa ya maƙale a kudu, ruwa ya zuba a ƙasashen da ke kudu da mu, mu mu tsaya a gefe muna ganin walƙiya daga nesa.

To, in El Nino ya zo, gizagizan da ke ciyar da kogin sama sukan ja gabas, daminar Indiya takan raunana, kogin ya iso mana ba ƙarfi. Ta haka rinjayar mizani a Tahiti take isa gonar mutumin Gude.

Abin da tarihi ya nuna

Shekarun 1950 shekarun ruwa ne a ƙasar Hausa, zamanin da dalar gyaɗa ke tsaye a Kano. An yi El Nino mai ƙarfi a 1972 zuwa 1973, kuma dattawanmu ba su manta da farin shekarun ba. A 1973 ruwan da ya sauka a Kano bai fi kusan rabin abin da aka saba ba, dabbobi suka mutu, mutanen arewa suka kwararo kudu neman abinci. Aka sake yin wani El Nino a 1982 zuwa 1983, fari ya sake biyo baya. A 1988 kuwa, shekarar La Nina, ruwa ya yi yawa har madatsar Bagauda ta ɓalle a watan Agusta, gidaje masu yawa suka rushe a Kano.

Duk da haka kada mai karatu ya ɗauka lissafin kamar biyu da biyu huɗu ne. Shekarar 1984 tana cikin mafi munin shekarun fari a yankinmu, alhali El Nino ya riga ya wuce. A waccan shekara ruwan Tekun Atlantika na kusa da mu ne ya yi ɗumi, ya riƙe damina a kudu. A 2015 kuma an yi El Nino babba, amma ba a ga fari irin na 1973 ba. Su kansu masanan suna faɗin hasashensu da lafazin rinjaye, ba su ce tabbas. Wanda ya ce tabbas, shi ya ƙara daga aljihunsa.

Hukuncin Shari'a

Yanzu sai mu koma ga tambayarmu. Hujjar masu cewa duba ne ita ce hadisin Zaidu ɗan Halid Aljuhani, wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, Buhari da Muslim ma suka ruwaito shi. A Hudaibiyya aka yi ruwa da dare, da aka idar da sallar asuba Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya sanar da sahabbai cewa bayin Allah sun wayi gari kashi biyu: wanda ya jingina ruwan ga falalar Allah da rahamarSa ya yi imani, wanda ya jingina shi ga tauraro kaza ya kafirce. Suna kuma kafa hujja da ayar ƙarshe ta Suratu Luƙman, inda aka lissafa saukar da ruwa cikin abubuwan da Allah Ya keɓanta da su.

Hadisin ingantacce ne, ayar kuwa ba mai musunta. Sai dai malamai sun yi bayanin inda haramcin yake. Imamu Shafi'i ya rarrabe a littafinsa Al'umm tsakanin wanda ya ƙudurta cewa tauraron ne ke saukar da ruwa, kamar yadda Larabawan Jahiliyya suka ƙudurta, da wanda yake nufin lokaci kawai, watau Allah Ya saba saukar da ruwa in tauraro kaza ya kama. Na farko kafirci ne, na biyu ba kafirci ba ne. A kan wannan fahimta malamanmu na zaure suka daɗe suna lissafa wa manoma taurarin damina bakwai, Haƙa'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabaha da Harsan, kowanne da kwanakinsa, ba wanda ya kira su bokaye.

Lamarin kogin iska ma ya fi na tauraro sauƙi. Tauraro alamar lokaci ce kurum, ba ruwansa da girgije. Iska kuwa sababi ce da Alƙur'ani da kansa ya ambata. A Suratur Rum aya ta 48, da Suratul A'araf aya ta 57, an bayyana cewa Allah ne ke aiko iskoki su ɗauko gizagizai Ya kora su inda Ya so. A Suratul Baƙara aya ta 164 an sanya jujjuya iskoki cikin ayoyin da masu hankali ke lura da su. Wanda ya saki balan-balan ya auna gudun iska, bin al'adar da Allah Ya gudanar a halittarSa yake yi, kamar ungozoma da ke ƙirga watannin mai ciki. Boka da ɗan duba suna da'awar sanin gaibu ba tare da sababi ba, mai awon iska kuwa yana kirdado ne daga abin da ido ya gani. Wanda Ya shimfiɗa kogin, Shi ke matsar da shi, kuma Shi kaɗai Ya san gonar da ɗigon zai faɗa da sa'ar da zai faɗa. Saboda haka sauraron hasashe halal ne, yin shiri a kansa hankali ne. Ƙudurta cewa El Nino ne ke ba da ruwa ko ya hana da ikon kansa, wannan shi ne abin da hadisi ya tsoratar a kai.

Kada kuma sanin sababi ya sanyaya mana guiwa wajen sallar roƙon ruwa. A shekara ta 18 bayan Hijira, shekarar da ake kira Ramada, fari ya kama Hijaz. Sayyidina Umar ya fita da jama'a roƙon ruwa, ya gabatar da Abbas baffan Annabi ya yi addu'a, kuma shi ɗin dai ya rubuta wa gwamnoninsa su aiko da abinci. Bai bar ɗaya don ɗaya ba.

Ga 'yan kasuwa da ma'aikata

Ya ɗan'uwa ɗan kasuwa, ga inda haɗarin yake a gare ka. Labarin da talaka bai ji ba kai ka ji shi tun watan Fabrairu, kuma kana da jarin da za ka kwashe geron Gwarzo da dawar Kabo ka kai Dawanau ka rufe. Imamu Muslim ya ruwaito daga Ma'amar ɗan Abdullahi cewa Manzon Allah ya siffanta mai ɓoye kayan abinci da mai saɓo. A mazhabarmu ta Malikiyya, saye da ajiya ba laifi ba ne in kasuwa na cike ba a cutar da kowa, manomi kuma yana da ikon ajiye abin da ya noma a rumbunsa. Abin da aka hana shi ne tsame abinci daga kasuwa a lokacin da yin haka zai ƙuntata wa jama'a, ana jiran farashi ya hau. In yunwa ta kai matuƙa, malamai sun ce hukuma tana da ikon tilasta wa mai sito ya fito da shi. Annabi Yusuf, alaihis salam, shi ma ya san fari na tafe, ya kuma tara hatsi shekara bakwai a cikin zangarniyarsa, amma da farin ya zo buɗe rumbunan ya yi. Ka duba ajiyarka, ka tambayi zuciyarka wace iri ce. In kana son riba mai tsarki, sayo daga inda Allah Ya wadata ka kawo inda aka rasa, ka sayar a kan farashin ranar.

Kai kuma ma'aikaci, ko a sakatariyar ƙaramar hukuma kake ko a KNARDA, hasashen da ya iso teburinka amana ce. In ka bar shi cikin fayil har shuka ta wuce, ko ka tsegunta wa abokinka mai kuɗi ka hana manomi, ka ci amanar. A fassara shi da Hausa, a kai wa dagatai da masu unguwanni da limaman Juma'a. A gaya wa manomi cewa masana sun lura damina takan yi tsalle daga bakin teku ta haura arewa ne wajen ƙarshen watan Yuni, don haka ruwan watan Mayu yana iya zuwa ya ɗauke, kada a zuba dukan iri da taki a kansa. A shekarar da ake jin tsoron gajeriyar damina, a kawo iri mai saurin nuna a kan lokaci. Magabata sun bar mana madatsun ruwa, tun daga Tiga da aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, zuwa Guzuguzu ta ƙasar Kabo da ta Challawa a Ƙaraye. Yashe magudanansu da raba ruwansu da adalci yana cikin riƙo da sababi. Wanda Allah Ya ba amfanin gona kuma ya fitar da zakka, ɗaya bisa goma in ruwan sama ne ya shayar, rabin haka in da wahala da kuɗi aka yi ban-ruwa, domin hana zakka yana cikin abubuwan da aka ruwaito suna jawo hana ruwa.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu daga fari da ambaliya, Ya sa abin da muka sani ya zama hujja a gare mu ranar gobe.